Ruwan da Iliya Ke Zubarwa

Da hantsi muka sauka a kudancin Indiya, ni da Iliya, kowa da akwati ɗaya. Abin da muka fara gani da muka fito daga filin jirgi shi ne keke mai ƙafa uku, irin namu na Lafiya sak, sun yi layi iya ganin ido. Iliya ya ajiye akwatinsa, ya kama ƙugu, ya ce, “Yaya Sale, ashe garinsu muka zo. Gaishe su da ladabi fa.”

Ban yi dariya ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar matata Hajara, dariya ba ta dawo mini ba tukuna.

Asibitin da muke aiki ne ya turo mu. An ba shi kyautar wani madubin gwaji na musamman, wanda ake duba ƙwayoyin ciwon daji da shi, har an ware masa ɗaki, amma babu wanda ya iya aiki da shi. Sai aka ce mutum biyu su je su koyo, wata huɗu. Shugaban asibiti bai ɓoye mana komai ba. Ya ce Farfesan da zai koya mana shi zai rubuto wasiƙa ya faɗi wanda ya fi cancanta, shi za a ba makullin ɗakin. Ɗayan ya koma kan aikinsa na da.

Ni shekarata ashirin da ɗaya ina duba jini da fitsari, takardata difloma ce. Iliya ɗan Agyaragu ne, yana da digiri, shekararsa takwas a aiki, kuma ni na koya masa yadda ake shafa jini a gilashi kada ya yi kauri. Ina son makullin nan. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta na ji ba zan iya ƙarasa kwanakina ina neman zazzaɓin sauro a madubi ba. Ina son in zauna gaba da gaba da abin da ya ɗauke ta, in gan shi da idona.

Akwai kuma abin da ya haɗa ni da Iliya bayan aiki. A shekara ɗaya aka gano ciwon daji a ƙirjin matarsa Rahila da na Hajara. Benci ɗaya suke zama suna jiran likita. Rahila ta nuna nata tun yana kamar gyaɗa. Hajara ta ɓoye nata wata goma, wai kada ta tayar mini da hankali. Aka yi wa Rahila aiki, ta tashi, aka ɗora ta kan wani farin magani da za ta riƙa haɗiya kowace safiya har shekara biyar. Hajara ba ta kai ga wannan maganin ba.

Cutar farko a hannun dillalin gida muka sha ta. Tun muna Najeriya ya turo mana hoton ɗaki biyu da falo, da labule, har da furanni a bakin taga. Da mai keke ya gama zagaya gari da mu, don sau biyu na ga wani masallaci mai koriyar ƙubba, sai ya sauke mu a bakin wani lungu. Dillalin ya hau da mu bene hawa uku, ya buɗe ɗaki ɗaya da aka raba biyu da falanki, falankin ma bai kai silin ba. Na nuna masa hoton a wayata. Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba i ba ne ba a'a ba ne, ya ce mai wancan gidan ya fasa da ya ji baƙar fata ne za su shiga. Iliya ya ce mu tafi. Na ce mu tafi ina? Muka zauna.

Abincinsu ya wahalar da ni, shinkafa da miya mai tsami da ƙamshin da ban saba ba, sati biyu cikina bai zauna ba. A bas wata mata ta ƙanƙame jakarta da na zauna kusa da ita. Duk waɗannan na iya da su. Falankin ne ban iya da shi ba.

Kullum in mun dawo aiki, kafin magariba, Iliya zai miƙe a gadonsa ya kira Rahila. Lokacin a gida azahar ce, ta dawo daga kasuwa. Shi ɗan ƙabilar Migili ne, ita Eggon, don haka da Hausa suke magana, ina jin komai.

“Maman Alheri, kin sha maganin?”

“Na sha. Kai fa, ka ci abinci, ko har yanzu ganye suke ba ku kamar awaki?”

“Ganye ne, amma da yaji. Akuyan nan naki yana shan wahala, abeg ki yi masa addu'a.”

Sai dariya. Su yi gardama kan wanda ya saba barin ƙofar kaji a buɗe, ta ce shi ne, ya ce to yanzu da yake Indiya wa ke barinta? Su shirya. Ta ba shi labarin doya, ya ba ta labarin saniyar da ta tare mana hanya. Ni ina wannan gefen kan darduma da wayata a hannu. Ina da wadda zan kira, ƙanwata da ke riƙe da ’ya’yana a unguwar Bukan Sidi, amma minti uku mun gama magana. Ban taɓa yi wa Rahila fatan sharri ba, Allah ne shaidata. Sai dai duk sa'ad da ta yi dariya, tambaya ɗaya ce ke taso mini: benci ɗaya, likita ɗaya, me ya sa ita?

Don in guje wa wayar sai na fara sauka wurin wani tsoho mai shayi a bakin lungu. Musulmi ne, ba ma jin yaren juna. Wata rana ya nuna mini hoton wata mata a jikin bangon shagonsa, ya ɗaga hannu sama. Na ciro hoton Hajara, ni ma na ɗaga. Ya ajiye buta, ya karanta Fatiha, muka shafa tare. Daga ranar kujerar da ke kusa da murhu tawa ce, ko da wani a kai sai ya tashe shi.

A ɗakin gwaji wadda aka haɗa mu da ita wata ’yar tsohuwa ce mai furfura, Madam Susila. Ita ma ba ta da digiri. Na gane haka ne daga yadda ɗalibai ke neman ta in abu ya ɓaci, su manta da ita in za a ɗauki hoto.

Ita ta nuna mana yadda ake kiwon ƙwayoyin ciwon, don kiwo ne, kamar na kaji. A ƙananan farantan roba masu murfi suke, a zuba musu wani ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu, a sa su cikin akwati mai ɗumin jikin mutum. Suna manne a gindin faranti suna hayayyafa. Ta ce daga ƙirjin wata mata aka samo su, wadda ta rasu tun kafin a haifi Iliya. Matar ta tafi, ciwonta yana nan ana ba shi abinci sau biyu a sati. Na daɗe ina juya wannan maganar.

Sannan ta kawo rini iri biyu a ’yan kwalabe da aka naɗe don kada haske ya taɓa su. Na farko in ya shiga ƙwayar da ke da rai sai ta yi haske kore. Na biyu ba ya iya ratsa fatar mai rai, sai wadda ta mutu fatarta ta fashe, ya shiga ya rina cikinta ja. Ka ɗiga su, ka rufe, ka jira rabin awa, ka kashe fitilar ɗaki, ka duba da sauri kafin hasken ya dushe. Ka ƙirga kore, ka ƙirga ja, ka san ko maganin da ka zuba ya yi aiki.

Ranar da na fara sa ido a madubin, na ga baƙin fili cike da ’yan fitilu kore, kowace na haskenta. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba a aikinmu, kuma kyan ya ba ni haushi. Wannan ne ya cinye Hajara har ta koma ina ɗaukarta da hannu ɗaya? Na ja baya. Iliya ya leƙa, ya buga tsalle ya ce, “Kai! Kirsimeti!” Farfesa yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya har ya cire tabarau. Daga ranar ya riƙe sunan Iliya. Ni kuwa “ɗayan” yake kirana.

Ba zan ce Iliya bai cancanta ba. Kansa na ja. Cikin sati ɗaya ya koyi kaɗa kai irin nasu, ɗalibai suna ta kawo masa abinci daga gida. Turancinsa na gudu, nawa na rubutu ne. Kafin in haɗa tambaya a raina an wuce wurin, sau da yawa kuma tambayar tawa ce nake ji ta fito daga bakinsa, Farfesa ya nuna shi da alƙalami ya ce madalla.

A wata na biyu wasu baƙi suka zo daga wata ƙasa. Farfesa ya ce zai fita da su cin abincin rana, ya yafito Iliya, ya ce ɗayan ya tsaya ya kula da farantai. Iliya ya cire farar rigarsa yana gyara wuya, ya ce, “Yaya, in akwai nama zan ɓoyo maka a aljihu.”

Muka rage ni da Madam Susila. Ta ba ni wani faranti da aka zuba wa magani kwana biyu da suka wuce, ta ce in rina. Har lokacin farantan da ba a sa musu komai ba muke koyo da su. Na buɗe murfi, na karkata farantin zan tsiyaye ruwan. Ta make mini hannu.

Dole in bayyana wannan. A wurinmu, in ka juya fitsari a inji, abin da ya kwanta a ƙasa shi ne aiki, ruwan sama kuwa shara ne, ka tuttular da shi da juyin hannu ɗaya. Sau nawa nake yin haka a rana, ban sani ba. Hannu ne ke yi, ba kai ba. Takardar da aka ba mu ma cewa ta yi a cire ruwan, ba ta ƙara komai ba.

Madam ta ɗora farantin a madubi na yau da kullum, ta ce in duba sama-sama, ba ƙasa ba. Na ga wasu ’yan dunƙule-dunƙule suna yawo a cikin ruwan.

“Waɗannan su ne matattun,” in ji ta, a hankali don in gane. “Mai rai yana riƙe da ƙasa. Wanda ya mutu ya saki, ya taso. In ka zubar da ruwan ka zubar da gawarwakin. Sai ka ƙirga waɗanda suka rage, ka ce magani bai kashe kowa ba.”

Ta nuna mini yadda ake tara ruwan a kwalba, a juya shi a inji, a mayar da abin da ya kwanta cikin faranti, sannan a rina duka. Da muka gama ta zuba mini shayi a murfin flas ɗinta, ta ce, “Ka faɗa wa ɗan'uwanka. Hannunku iri ɗaya ne.”

Na ce to.

Iliya ya dawo da la'asar da kwalin alawa, yana nuna mini hotonsu, hannun Farfesa a kafaɗarsa. Ya ce Farfesa ya tambaye shi ko yana da sha'awar ƙarin karatu. Sannan ya ce, “Ku me kuka yi yau?”

Na ce, “Wanke-wanke.”

Na gaya wa kaina gobe zan faɗa masa. Gobe ta zo, Farfesa ya sake nuna shi da alƙalami.

A wata na ƙarshe aka ba mu jarrabawa. Kowa da farantansa, magani ɗaya, a gwada sau uku, sati uku, sannan kowa ya tsaya ya nuna abin da ya samu. Farfesa ya ce kada wani ya taimaki wani, kada ma a nuna wa juna. Dokar nan ta yi mini daɗi, ta ba ni inda zan fake. Farfesa ya yi tafiya, Madam Susila kuma ta ɗauki hutu don bikin ’yarta.

Da aka miƙo mana kwalbar maganin, Iliya ya karanta sunan da ke jiki, sai ya washe baki.

“Yaya, maganin matana ne! Shi ne wanda take sha. Yau zan ga yadda yake dukan shegun nan.”

Gwajin farko, nawa ya fito ja ko'ina, kamar barkonon da aka shanya a tabarma, da ’yan kore tsilla-tsilla. Ina gyara teburina ina kallon Iliya ta gefen ido. Ya buɗe murfi, ya karkata faranti, juyin hannu ɗaya, ruwan ya tafi kwalbar shara. Ya ɗauraye ma, don tsabta. Bayan rabin awa ya fito daga ɗakin duhu yana sosa ƙeya.

“Kore ne duka. Sun ɗan yi kaɗan, wataƙila ban shuka da yawa ba. Ko rinin ne ya lalace? Naka fa?”

Na ce, “Ka ji abin da Farfesa ya ce.”

“Haka ne, haka ne,” in ji shi.

Sati na biyu ya haɗa sabon rini, ya ƙara auna maganin sau biyu. Kore. Daga nan wasa ya ƙare. Ya daina kwaikwayon kaɗa kai, ya daina taɓa abincin da ɗalibai ke kawowa. Na san wannan fuskar, shekara guda na yi ina sanye da ita. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami: a wannan satin na ci abinci sosai. Na ji kamar wani ya kama mini gefen kaya.

Rahila ta daɗe tana kuka da maganin. Yana sa ta zafin jiki, gaɓoɓinta na ciwo, ba ta samun barci. Uwarta kuma ta matsa mata ta je wurin wani mai maganin saiwa a wajen Awe. Duk lokacin da maganar ta taso Iliya faɗa yake yi, har sai ta ce to, to, ta ji. Ranar Laraba ta sake tasowa. Ina zaune a gefena ina jiran faɗan. Bai zo ba.

“In kin gaji da shi, ki huta,” in ji shi.

“Iliya? Kai ne kake magana?”

“Na gani da idona, Maman Alheri. Na zuba musu shi sau biyu, ko gezau. Shekara biyu ina tilasta miki wahala a banza. Ki ajiye, sai na dawo mu san abin yi.”

Iliya ya san faranti ba jikin mutum ba ne. Da ni na faɗi irin wannan maganar da ya zaunar da ni ya yi mini darasi. Amma a ranar ba ma'aikacin asibiti ne ke magana ba, miji ne.

Falanki ne kawai tsakaninmu. Ko tashi ba sai na yi ba, daga inda nake zaune zan iya cewa, Iliya, ruwan ne. Maimakon haka sai na ƙirga kwanaki. Saura goma sha biyu mu tsaya gaban Farfesa. Na ce wa kaina kwana goma sha biyu ba za su yi mata komai ba, ana gamawa zan faɗa. Ni ne fa wanda matarsa ta ce ba komai, bari sai an kwana biyu.

Alhamis ta wuce. Juma'a na je masallaci, na zauna wurin mai shayi har ya fara tattara kofuna. Lahadi Iliya ya dawo daga coci, ya zagayo gefena da waya ya ce Rahila na son gaishe ni. Na ga fuskarta a wayar, ta ciko, ta ɗaura ɗankwali mai ruwan goro.

“Baba Sale, ina gajiya? Ya yara? Kai, kwana huɗu ke nan ina barci kamar jariri, na bar maganin nan. Ragowar ma akwai wata a cocinmu, ita zan ba.”

Na ce, “Allah ya ƙara sauƙi.”

Iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar Litinin da safe gwaji na uku. Na shiga da niyyar yin shiru. Teburinmu na kusa da juna. Ya ɗauko farantinsa, ya buɗe murfi, ya karkata.

Na ce, “Dakata.”

Har yau ban san abin da ya yi maganar ba, ko tausayi ne, ko shekara ashirin da ɗaya na ƙin ganin ana ɓata aiki a gabana. Na karɓi farantin, na zuƙe ruwan cikin kwalba, na juya a inji. Wani ɗan farin abu ya kwanta a gindi. Na mayar da shi, na ce ya ɗiga rininsa da kansa. Muka rufe. Muka jira rabin awa.

Ya kashe fitila, ya sa ido. Ya daɗe.

“Yaya,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Ja ne. Ja ne ko'ina.”

Ya fita da gudu da safar hannu a hannunsa. Ina jin sa a baranda yana ihu, a gida ko rana ba ta gama fitowa ba. “Tashi! Tashi ki sha maganin nan yanzu-yanzu! Ba ki ba da shi ba ko? Yauwa! Ɗebo ruwa, ina kan waya, sai na ji kin haɗiye. Ni ne jaki, ki zage ni daga baya!”

Ya dawo yana dariya da hawaye, ya rungume ni har ya ɗaga ni daga ƙasa. Yana cewa Allah ya yi mini albarka, Allah ya raya mini yara. Sai ya sake ni a hankali.

“Wa ya koya maka wannan?”

“Madam.”

“Yaushe?”

Ina iya cewa jiya na karanta a littafi, da ya yarda. Na ce, “Ranar da kuka fita cin abinci.”

Na ga leɓensa na motsi, yana lissafi. “Sati bakwai,” in ji shi. “Ranar Laraba kana ɗaki.”

“Ina ɗaki.”

“Ka ji mu.”

“Na ji.”

“Jiya ma ka ce mata Allah ya ƙara sauƙi.”

Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini. Ya cire safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya jefa a kwando, ya wanke hannu har gwiwa kamar yadda na koya masa, ya fita.

Daga ranar a kan matakala yake waya. Ɗakin ya yi tsit, abin da na yi wata uku ina nema. Na kasa zama a cikinsa.

Kowane gwaji sati yake ci, don haka Iliya ya tsaya gaban Farfesa da sakamako ɗaya mai kyau, ni da uku. Madam Susila ta dawo daga biki, tana zaune can baya da lalle a hannunta. Farfesa ya tambayi Iliya me ya sa biyun farko suka fito kore.

Iliya ya ce, “Kuskurena ne, yallaɓai. Hannun gida ne ya biyo ni, ina zubar da ruwan.”

“Ba wanda ya faɗa maka?”

“Na gane daga baya.”

Madam ta juyo ta dube ni. Ɗakin ya yi shiru na ɗan lokaci, wanda ya ishi mutum ya miƙe ya yi magana. Na dubi takalmina.

Ranar da za mu taho ta ba Iliya ƙullin alawa ya kai wa matarsa, ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ni daga nesa ta haɗa tafukanta, ta koma ciki.

Wasiƙar ta riga mu isowa Lafiya. Sunana ne a ciki. Farfesa ya rubuta cewa ni mutum ne mai haƙuri, mai lura da abin da wasu ke wucewa. Shugaban asibiti ya karanta a gaban kowa, aka tafa, ya miƙo mini makulli. Iliya ma ya tafa. Bayan sati biyu ya nemi a mayar da shi sashen ajiyar jini, can ƙarshen asibiti. Muna gaisawa in mun haɗu. Likitan Rahila ya ce kwana biyar ɗin da ta yi ba magani da wuya su zama wani abu, kuma har yanzu gwajinta na fitowa da kyau.

Watan jiya, lokacin sabuwar doya, ta zo ganin likita. Ina cikin ɗakin duhu aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga ta da manyan doya biyu a rungume, Iliya na tsaye a bayanta da makullin babur a hannu.

Ta durƙusa ta ce, “Baba Sale, tun da kuka dawo nake son in zo. Iliya ya gaya mini kai ka gano kuskuren. Ya ce in ba don kai ba da na bar maganin gaba ɗaya. Ba ni da abin da zan ba ka. Allah ya ji ƙan Maman yara.”

Na dubi Iliya. Yana kallona ido cikin ido. Na buɗe baki, sai ya ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ita ba za ta gani ba.

“Karɓi,” in ji shi. “Da kanta ta zaɓo.”

Na karɓa. Doyar na da nauyi, da sauran ƙasar gona a jikinta. Na tsaya a bakin taga ina kallonsu suna ratsa filin asibiti. Ya tayar da babur, ta hau a karkace tana gyara zani. Ya juyo ya faɗi wani abu, ta ɗaka masa duka a kafaɗa tana dariya, ta bar hannun a wurin. Ina tsaye da doya a ƙirji har suka fita ƙofa.

Na so a ce kunya ce kaɗai na ji.